Kira ko Ƙira

Maƙerin ya sake lanƙwasa bakin fartanyar a karkace, ya jefa ta cikin ruwa da haushi. Tun ranar da ya je asibiti duba Baba Fasto hannunsa bai koma daidai ba. Tsohon, wanda shanyewar ɓarin jiki ta karkatar wa baki, ya riƙo hannunsa a gaban dattawan ikkilisiya ya ce, "Kai, kira Allah ya ba ka. Ka riƙe." Dattawan kuwa suka yanke magana nan take: ran Lahadi shi zai yi wa'azi.

Shi da karatu sai ya bi da yatsa, ko addu'ar cin abinci sai ya yi gumi.

Matarsa ta ajiye masa kwano kusa da zugazugi.

"Sannu da aiki, Fasto."

"Ki bari, don Allah. Ga malamin makaranta, ga masu ilimi cike da coci, sai ni?"

"To je ka gaya wa Allah ya yi ɓatan gida."

Ya rufe maƙera ya shiga bas, da niyyar roƙon tsohon ya sauke masa kayan. A hanya yana ta juya abin. In daga Allah ne ya ƙi, ya yi tawaye. In ruɗin ciwo ne ya karɓa, ya tsaya gaban jama'a da rigar aro. Abin da ya fi ba shi kunya, kwanan nan ya sha kama kansa yana yi wa ƙarfe wa'azi ƙasa-ƙasa, kuma yana jin daɗi.

Ya tarar Baba na barci, Mama matarsa tana yi masa fifita. Da ya gama bayani sai ta yi 'yar dariya.

"Ɗana, tun da ciwon nan ya same shi bakinsa ba ya kama wasu kalmomi. Ƙofa ta zama kofa, ƙafa ta zama kafa. Ina jin ƙira yake nufi. Ka san yadda yake yabon ƙofar cocin da ka ƙera."

"Kina ji, Mama, ko kin tabbata?"

"Wa zai tabbata? Sai ya farka. In ya farka ma, haka zai sake faɗa."

Ga mafitar da ya zo nema an miƙa masa. Ya jira ya ji sauƙi, sauƙin bai zo ba. Sai ma ya ji kamar an karɓe masa kaya daga ka, ya waiwaya ya ga ashe nasa ne.

Ya juya zai fita, mutumin da ke gadon gefe ya kamo rigarsa.

"Malam, kai ne fastonsu?"

"A'a, ni maƙeri ne."

"Yanzu za su shiga da ni tiyata, kuma ba kowa nawa a nan. Yi mini addu'a."

"Ban iya sosai ba."

"Ni ma ban iya kwanciya a yanka ni ba, amma ga shi zan yi."

Maƙerin ya durƙusa ya riƙe hannun mutumin. Addu'ar ta fito a karkace kamar fartanyar safe, ya maimaita, ya ɓata, ya komo. Amma kafin ya kai ƙarshe, mutumin ya riga ya natsu yana amsa masa da amin. Ma'aikata suka zo suka tura gadon.

Da ya miƙe, idanun Baba a buɗe suke. Bakin ya motsa da ƙyar.

"Ka riƙe."

"Wanne, Baba?"

Tsohon ya lumshe ido ya koma barcinsa.

Mama ta ce, "In aika wa dattawa su nemi wani?"

Maƙerin ya kalli baƙin gawayi a ƙarƙashin faratansa.

"Mama, ƙarfe nawa mai wa'azi yake isa coci?"