Likita Ya Ce Iska Ce

"Ki buɗe ƙofar nan ko in ɓalla ta!"

Hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, ni kuma ina jiyo tarin Mai Guga daga ciki, irin tarin da ba ya sakin mutum sai ya ƙwace masa numfashi. Da Amarya ta zare sakata, ban tsaya gaisuwa ba. Kasko ne a tsakiyar ɗaki, garwashi jajur, an zuba masa wasu saiwoyi. Taga a rufe, har da tsumma an cusa a ramuka. Shi kuwa yana bakin katifa lulluɓe da bargo, ido ya kaɗa ya yi ja, ƙashin wuya duk a waje.

Na kama kaskon da gefen zanena na yi waje da shi.

"Yaya, don Allah! Magani ne fa," in ji Amarya, tana bina da kuka. "Likita da bakinsa ya ce iska ce."

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu. Ni ina ɗinki, shi yana guga a baranda, matarsa tana wanki. Sun haura shekara ashirin da aure amma bai daina ce mata Amarya ba, mu ma muka bi bakinsa. Mutum ne mai tsokana. In na miƙa masa sabon ɗinki sai ya ɗaga shi sama ya ce, "Tela, wannan kafaɗar ta karkace, amma bari in rufa miki asiri da dutsen guga." Bai taɓa sa sigari a baki ba. Farar rigarsa kuwa, ko ƙuda kunyar sauka a kanta yake ji.

Shekara uku da suka wuce mai gidan hayarmu ya ba wasu mutane filin da ke bayan ɗakunanmu. Tsofaffin batiran mota suke fasawa su narka dalma, su ƙona wayoyi su cire jan ƙarfe. Tagar Mai Guga ce ke kallon murhunsu kai tsaye. Mun je mun yi ƙorafi har sau huɗu. Mai gida ya ce wanda zama bai yi masa ba, ga hanya nan. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa, tunda shi a unguwa mai itatuwa yake kwana. Masu duba tsafta sun zo sau ɗaya, suka shiga ofishin mai wurin, suka fito suna murmushi. Na san garwashin guga ma bai raga wa ƙirjinsa ba, amma shekara talatin yana guga bai yi tari ba sai da aka kunna wutar nan.

Washegarin ranar da na fitar da kaskon na tasa su gaba zuwa asibiti. Tun safe muke layi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Ya dubi katin, ya sa abin sauraro a bayan Mai Guga, ya ɓata fuska.

"Ba na ce ku raba shi da iskar nan ba?"

"Muna ta ƙoƙari, likita," Amarya ta ce a hankali. "Sati uku ke nan muna yi masa hayaƙi safe da yamma, ta ƙi fita."

Likita ya ajiye biro. "Hayaƙi? Baiwar Allah, iskar da yake shaƙa nake nufi! Wa ya yi miki maganar aljanu?"

Amarya ta dafe kai. Ni ce na amsa masa.

"Ka faɗa mata haka? Ka ce mata iska ce a gidanku, ku raba shi da ita, ka kira na gaba. Me kake so ta ɗauka? Minti ɗaya zai kashe ka?"

"Mama, mutum tamanin ke jirana a waje." Ya murza idanunsa, na ga shi ma a gajiye yake, amma hakan bai sanyaya mini zuciya ba. "Ku canza masa gida, yau ɗin nan in da hali."

Dariya na yi, ta baƙin ciki. A canza gida, sai ka ce riga.

Abin da na iya na yi. Na fitar da keken ɗinkina baranda, na ba shi ɗakina mai kallon titi, ni na koma kwana wajen ƙanwata. Amma hayaƙi bai san iyakar ɗaki ba. Kwana tara kawai ya ƙara a duniya. Amarya ta daina haɗa ido da ni, ni kuma, Allah ya yafe mini, na kasa yi mata magana mai daɗi.

A rana ta takwas ya yafito ni da hannu.

"Tela."

"Na'am, kar ka wahalar da kanka."

"Ki daina hararar mini Amarya." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Ai ba ta yi ƙarya ba. Iska ce."

Har a wannan halin tsokana yake yi. Na juya masa baya don kar ya ga fuskata.

Ya cika da hantsi, murhun bayanmu na ta ruri. Na zagaya wajensu ko takalmi babu, na ce su kashe wutar nan ko na awa ɗaya ne, a fita da shi cikin mutunci. Babban ma'aikacinsu ya sauke tsumman da ya ɗaure hanci da shi.

"Mama, Allah ya ji ƙansa. Amma in muka kashe dalmar za ta daskare, mai wuri ya sallame mu gaba ɗaya."

Na ɗaga hannu zan zage shi, sai tari ya sarƙe shi. Na san tarin nan. Wata shida ina jin irinsa ta bango.

Mai gida ya zo gaisuwa yana ƙamshin turare, ya ce haƙuri za a yi, kwana ne ya ƙare. Na ce masa haka ne, kwana ya ƙare, amma akwai waɗanda suka taya shi ƙarewa. Mutane suka yi ta ce mini in yi shiru, ba a irin wannan magana a zaman makoki. To a ina ake yin ta?

Bayan sati ɗaya Amarya ta wanke farar rigarsa ta shanya a igiyar tsakar gida. Ina kan keke ina kallonta. Rigar ba ta gama ɗigar da ruwa ba baƙin tokar murhun ya fara sauka a kafaɗunta, ƙanana ƙanana. Amarya ta matsa kusa, ba ta taɓa da hannu ba don kar ya shafe. Ta tsaya tana hurewa da baki, ɗaya bayan ɗaya.