Takardar da Inna Ta Ƙunshe Daddawa

Ni fa ban taɓa zaton abin da nake yi don in huta da gajiyar ofis zai tara wa mahaifiyata jama'a a ƙofar gida ba. Sunana Maharazu, akawu ne ni a Kankia. Wasu jarabarsu ƙwallo, wasu dara a gindin bedi, ni kuwa tawa zanen lissafi ce a kwamfuta, wanda ake kira firaktal. Ka ba ta lambobi, ta yi ta maimaita lissafi guda har siffa ta fito, baƙa ƙirin a tsakiya, gefenta duk rassa masu launi. In ka kutsa cikin reshe ɗaya sai ka tarar da uwar siffar ta sake fitowa ƙarama, haka har ka gaji. Waɗanda suka burge ni nakan buga su a takarda, in rubuta lambobinsu a ƙasa don kar su ɓace mini. Da na je gida ƙauyenmu Kaikai da ƙaramar Sallah, na bar wa mahaifiyata Inna Iyatu guda biyar ta manna a bango.

Ran wata Talata da hantsi ƙanwata Hadijatu ta kira ni a waya.

"Yaya, ka taho yanzu yanzu! Sun ce Inna ta yi wa Salma sammu."

Salma matar maƙwabcinmu Ɗalha ce, kwananta tara da haihuwa. Ashe Inna ta aika mata daddawar miyar jego, ta ƙunshe a cikin ɗaya daga takarduna. Washegari zazzaɓi ya kwantar da maijego, har tana sambatu. Ɗalha ya warware ƙunshin, ya ga baƙin abu mai ƙafafu da lambobi jere a ƙasa. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Wallahi ban san yadda na wuce Kusada a kan babur ba. Kwamfutar na goye a bayana. Na san abin da kalmar sammu take jawo wa tsohuwa a ƙauye. Ko ba a taɓa lafiyarta ba, babu mai sake cin abin hannunta har ta koma ga Allah.

Na tarar da mutane sun fi talatin. Inna na zaune a dokin ƙofa, ta rufe kai da mayafi. Ɗalha na riƙe da takardar da tsinke biyu kamar ya kamo kunama. Liman, Malam Babba, yana ta ba shi haƙuri.

"Malam Ɗalha, aikina ne wannan, ba na Inna ba," na ce. "Lissafi ne kawai. Tsaya ka gani."

Nan na tafka wautar da har gobe nake jin haushin kaina. Na buɗe kwamfutar, na zuba lambobin, siffar ta fito. Don in nuna musu ba komai ba ne, sai na kutsa ciki. Ƙaramar ta bayyana. Na ƙara kutsawa, wata ta sake fitowa a cikinta.

"Innalillahi! Haihuwa yake yi!" in ji wata mata.

Mutane suka ja da baya. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Malam Babba ya ɗaga hannu. "Ku dakata. Maharazu, rubutu in na alheri ne, mai shi ba ya tsoron shan sa. A wanke wannan, ka sha a gaban kowa, a wuce wurin."

Aka kawo ƙwarya da ruwa. Aka tsoma takardar, tawadar ta saki, ruwan ya koma baƙi da shuɗi shuɗi. Aka miƙo mini.

To ni na san tawadar nan, ni nake ɗura ta a na'urar buga takardu da hannuna. A jikin kwalbarta an rubuta kada ta kusanci baki. Abin da ya tsayar da ni ke nan, Allah shi ne shaida, kuma tsayuwar ba ta wuce numfashi uku ba. Amma wa zai tsaya jin bayanin kwalba?

"Kun gani ko?" Ɗalha ya daka tsawa. "Ya ƙi sha!"

Ban ga tasowar Inna ba. Sai dai na ji an fizge ƙwaryar daga hannuna. Ta yi bisimilla, ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta shanye tas. Ta kife ƙwaryar a ƙasa, leɓenta baƙi.

Mai dutsen ya saki abinsa a hankali. Malam Babba ya dubi Ɗalha ya ce, "Kai kuma nemo mota ka kai matarka asibiti, tun jiya ya kamata."

Ni ma ban tsaya ba, na ɗora Inna a babur muka nufi asibitin Kusada, ina tuƙi ina tambayar ta ko cikinta na ciwo, ko tana ganin jiri. Tsoro bai sake ni ba ko kaɗan. Muka fita gari, muka shiga tsakanin gonaki. Can ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Maharazu, yanzu ba kowa, daga ni sai kai. Gaya mani gaskiya, wa ya ba ka abin nan, kuma mi yake yi ma mutum?"

Na taka birki a tsakiyar hanya. Ashe ita ma ba ta yarda lissafi ba ne.