Jijiyar Murya

Na daɗe ina miƙa wa Likita almakashi a ɗakin tiyata, na san halinsa kamar yunwar cikina. Cire ƙarin maƙogwaro ne aikinsa. In abu na tafiya daidai, bakinsa ba ya hutawa, ya tsokani mai sa barci, ya ce ni ma hannuna ya tsufa. In ya yi shiru, to kowa ya kama addu'a.

Matar da aka kawo mana ranar, ƙarin wuyanta mugun iri ne. Mijinta makaho ne. Da muryarta yake tsallaka titi, da ita yake gane ƙofar gida. Kafin a sa ta barci ta riƙe hannun Likita.

"Ka yanke duk abin da za ka yanke, ɗana, amma ka bar mini muryata. Ita ce idon maigidan."

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu, Mama."

Ban so amsar nan ba ko kaɗan.

Da aka buɗe wuyan, yana cikin ba mu labarin tsohuwar motarsa, sai ya tsaya a tsakiyar magana. Na leƙa. Jijiyar murya siririya ce, fara, kamar zaren ɗinki, ga shi ƙarin ya naɗe ta ya haɗiye. Ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa, babu hanya. In ya bar jijiyar, ya bar ciwon da zai kashe ta. Gumi ya jiƙa hularsa. Ba ka jin komai sai na'urar bugun zuciya.

Ya miƙo hannu bai dube ni ba. Wallahi sai da na ji kamar in ɓoye almakashin. Na ba shi.

Da ta farfaɗo, ni na jawo mijin har bakin gado. Likita na tsaye daga ƙofa, ya kasa shigowa. Ta ga maigidanta, ta yi murmushi, ta buɗe baki ta kira shi. Abin da ya fito wata iska ce mai kaushi, a shaƙe.

Tsohon ya karkata kai, ya saurara da kyau. Sai ya juyo wajena.

"'Yata, ba nan ba ne. Wannan wata ce. Kai ni wajen matata."