Wayar da Ke Ƙarƙashin Gidan Thurman

Thurman Guillory ya shiga ƙarƙashin gidansa da waya a hannu. Maƙwabcinsa Alcide ya tsuguna a bakin ramin yana haska masa tocila.

"Kai tsoho, fito haka nan," in ji Alcide. "Akwai macizai a ciki."

"Wanda ya sare ni shi zai mutu. Haska hagu."

Gidan na katako ne, a ɗage bisa tubala kamar sauran tsofaffin gidajen layin. Tsakaninsa da ƙasa bai wuce gwiwar mutum ba. Thurman yana jan ciki a kan ƙasa mai laima, yana nishi. Zafin Houston ya riga ya sauka tun da hantsi.

Takardar ofishin gunduma ce ta kai shi ciki. Sun ce darajar gidan ta ninka, don haka harajinsa zai hau. Tun da aka rushe gidajen ƙarshen layi aka kafa dogayen benaye masu gilashi, haka ake ta yi. Gidan Mis Odessa ya tafi. Na iyalan Fontenot ya bi. Ba wanda ya kore su da sanda. Haraji ya fi ƙarfinsu, suka sayar, katafila ta zo.

Ana iya ƙorafi ta intanet, amma can ba a sauraron surutu. Hoto ake so. Ka nuna musu gidanka bai kai yadda suka ɗauke shi ba: bango ya tsage, rufi yana yoyo, daɓe ya lotsa. Alcide bai sha wahala da nasa ba, don gidansa ko ta ina ka ɗauka aibi ne. Thurman kuwa mai fenti ne. Kowace bazara sai ya shafe gidansa fari tas, tagogi kore. Ya zagaye shi da waya bai sami abin ɗauka ba. Duk tsagewar da ta taɓa fitowa ya riga ya toshe ta da hannunsa.

"Kai ka jawo mana," matarsa Ozella ta ce masa. "Ka yi ta yi wa gida kwalliya, ga shi gwamnati ta gani tana so."

Amma ya san inda ɓarnar take. Gara ta cinye katakan da ke ɗauke da kicin. Bai taɓa gaya wa kowa ba sai ranar nan. Alcide ya ce a kira wani mai sauran ƙarfi ya shiga.

"Wani ƙato ya ga ƙarƙashin gidana, ya je shagon aski ya baza? Ina!"

Hasken wayar ya walƙata can ciki. Ya sake walƙatawa.

"Alcide! Zo ka ga. Da yatsa nake huda katakon nan."

"Na yarda. Fito."

"Matsoraci. Tun muna samari haka kake."

"Matsoracin ne zai ci waken Ozella yau. Kai kuma sai ƙasa."

Thurman ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Daga sama ana jin takun Ozella a kicin, da ƙarar murfin tukunya. Alcide ya jira walƙiya ta gaba. Ba ta zo ba.

"Thurman."

Shiru.

"Thurman, bar wasan nan."

Ya miƙa tocilan iya tsawon hannunsa. Can nesa ya hango tafin takalma biyu, ɗaya ya kwanta gefe. Ba sa motsi. Ya cusa kansa cikin ramin, ya cusa kafaɗu. Warin rima ya cika masa hanci, katako ya danne masa baya. Ya ja da baya da sauri har ya ƙuje kunne. Ya tashi yana dukan bangon gidan da tafin hannu.

"Mis Ozella! Kira motar asibiti! Kira yanzu!"

'Yan kwana-kwana ne suka jawo shi a kan tamfol. Fuskarsa duk ƙasa. Ozella ta goge masa ita da gefen rigarta. Likita ya ce zuciya ce, kuma ko da an fito da shi da wuri ba lallai ba ne ya rayu. Alcide ya ji.

Ba wanda ya tuna da wayar sai da ta yi ƙara.

Mutanen coci sun cika gidan don ta'aziyya, an kawo kaji da burodin masara, fasto yana tsaye da faranti. Sai ƙara ta taso daga ƙarƙashin ƙafafunsu, daidai tsakiyar kicin. Wani ne da bai ji labari ba yake neman mai fenti. Kowa ya daina tauna. Wata tsohuwa ta ɗage ƙafarta daga daɓen. Ƙarar ta yi ta yi har ta gaji. Washegari ma ta yi. Daga nan ba a ƙara jin ta ba.

Darnell, ɗan Thurman da Ozella, ya zo daga Atlanta don jana'iza. Alcide ya tare shi a bakin mota, ya gaya masa hotunan suna cikin wayar da ke ƙarƙashin gidan, kuma an kusa rufe karɓar ƙorafi.

"Mista Alcide, me za a yi da su? Mama ta sayar kawai ta dawo wurina. Ga masu saye nan suna ta kira."

"Ka tambaye ta?"

"Za ta yarda. Dole ce za ta sa."

Ya shiga mota ya tafi.

Alcide ya zauna a barandarsa yana kallon farin gidan. Idan gidan nan ya tafi, saura nasa shi kaɗai a tsakanin benaye. Ya san yadda katafila take fara cin gida: ta baranda take farawa.

Ranar da za a rufe shafin ƙorafin, ya ɗauki tocila da manjagara ya tsallaka. Ya durƙusa a bakin ramin, ya zura manjagarar. Ko rabin hanya ba ta kai ba. Ya ajiye ta. Sawun tamfol ɗin yana nan a kan ƙasa, ya miƙe zuwa cikin duhu. Ya haska tocilan a jikin tubala. Ya cire hularsa ya ajiye a kan ciyawa. Ya kwanta rubda ciki.

"Mista Alcide."

Ozella ce a kansa, da baƙar rigarta. Bai ji fitowarta ba.

"Me kake yi a ƙasa da girmanka?"

"Wayar zan ɗauko. Yau ake rufewa."

"Na sani."

"In ba a tura hotunan ba, za su ce kin amince da abin da suka rubuta."

"Na iya karatu."

"Harajin zai fi ƙarfinki, Mis Ozella. Kin ga abin da ya sami Odessa."

Ta dubi ramin, ta dubi ƙeyarsa da gumi ya jiƙe. Can ƙarshen layi ana ta buga guduma a wani sabon bene. Ta sunkuya a hankali, tana dafe da ƙugu, ta zare tocilan daga hannunsa ta kashe.

"Ba ni," ya ce. "Yanzu zan fito."

"Haka shi ma ya ce."

Ta matso ta tsaya a bakin ramin, silifas ɗinta dab da fuskarsa.

"Tashi. Ba za ka shiga ba."