Jan Zare a Gindin Tudu

A ajin makaranta aka kafa taswirar, a kan tebura biyu da aka haɗe. Da kwali aka yi ta, an yanka an ɗora wani kan wani da gam, har tudun garin da kwarinsa suka fito kamar a taɓa. Malamar gona ta ajiye kwanon ƙusoshi masu jan kai.

"Duk inda ruwa ke cin ƙasa, ku soka ja. Inda ja ya taru, nan za a fara jera shingen duwatsu kafin damina."

Sai mutanen garin da suka taru suka yi ca a kan kwanon. Mai shayi ya soka a bayan rumfarsa.

"Kai, wannan ai ruwan wanke kofunanka ne!" in ji wanzami, shi ma yana soka tasa inda ko akuya ba ta taɓa zamewa ba.

Wuri ɗaya aka bari fes: gindin tudu, inda Mai Tifa ke kwasar yashi har ya buɗe wa ruwa sabuwar hanya. Yana zaune a gaba, yana kaɗa makullin mota. Wannan ya ci bashinsa, wancan yana fatan ci. Aka kira wannan shirun kunya. Ba kunya ba ce, tsoro ne ya sa hula.

A ƙarshen sabuwar hanyar ruwan nan gidan Gwaggo Tela yake. Bara kwazazzabo ya cinye mata bayan gida, bana saura taku kaɗan ya iso ɗakin da keken ɗinkinta yake. Mai Tifa kuwa mijin 'yarta ne. Tun ranar aure ba ta haɗa ido da shi ba, ba ta kuma kama sunansa.

Ta jira wani namiji ya yi magana. Ta dubi ƙaninta, ya shiga gyaran takalmi.

"To, an gama ke nan?" in ji Malama.

Gwaggo ta miƙe, ta leƙa kwano. Babu ko ƙusa ɗaya.

"Gwaggo, zauna mana," in ji wanzami ƙasa-ƙasa. "Suruki fa yana nan."

"Na gan shi. Da ruwa ya tafi da bangona, kunyarka ce ta tare shi? Kun cinye ƙusoshi a kan ruwan shayi, marasa ta ido!"

Ta zare allura daga gefen mayafinta, da jan zare a jiki, ta caka ta a gindin tudu har kwalin ya lotsa. Ta ja zaren, ta bi kwari da shi, ta danne bakinsa da yatsa a kan gidanta.

"Daga ramin yashin mijin 'yata ruwan yake tasowa. Malama, duba da kyau."

Makulli ya daina kaɗawa. Mai Tifa ya tashi ya fice, bai yi wa kowa sallama ba. Sai da ƙarar motarsa ta yi nisa mai shayi ya zare ƙusarsa, ya soka kusa da allurar. Sauran suka biyo baya. Jarumai, bayan kura ta tafi.

A gindin tudu aka fara jera duwatsu. Da yamma 'yar Gwaggo ta zo, ido jawur.

"Inna, ya rantse ba zai sake gaishe ki ba."

Gwaggo ta ci gaba da taka keke.

"Da ma ta bayan katanga yake gaishe ni. Ki ce masa katangar ma ruwa ya tafi da ita."