Fitilun Rami a Jana'izar Farfesa

"Ɗaga min matashin nan, Alfons, ba na son in roƙe ka ina kwance," in ji Dietmar.

Na ɗaga. Bayansa ya zama ƙashi zalla. Matarsa Irmtraud ta ajiye mana kofi, ta fita ta ja ƙofa.

"Ina son 'yan ramin kwal su raka ni kabari," ya ce. "Da baƙar riga da fitila."

Na kalli littattafan da suka cika bango har rufi. Huɗu daga ciki shi ya rubuta, a kan ja-in-jar ma'aikata da masu kamfani. Duk na karanta su a kicin ɗina da fensir a hannu, ina neman kuskure. Ban sami da yawa ba, wannan kuwa ya fi komai ci min rai.

Layi ɗaya aka haife mu a Herne, benci ɗaya muka zauna a aji, ni nake yi masa lissafi. Sai dai ubansa shugaban aiki ne a ramin kwal, nawa kuwa mai sara. Shi aka tura babbar makaranta, ni aka miƙa min hular kwano. Ya zama Farfesa Pawelczik, ana kiransa Berlin da Geneva ya yi bayanin rayuwata. Da ya yi ritaya ya rasa inda zai sayi gida duk faɗin Jamus sai jikin nawa.

"Ka san dokar ƙungiyarmu ta mahaƙa," na ce. "Sai wanda ya yi aiki a ƙarƙashin ƙasa."

"Ai na yi."

"Wata uku, a hutun jami'a. Kallonmu ka shiga yi."

"Na yi sara, mutumina."

"Ka yi suma dai. Ni da Erdal muka cicciɓo ka kamar buhun dankali."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na riƙe masa kofin ruwa.

"Kai ne shugaba," ya ce da ya samu numfashi. "In ka ce a'a, shi ke nan."

"Jami'a ba za ta turo mutane ba?"

"Za ta turo. Kowa zai yi jawabi ya ambaci littafinsa."

"Zan yi tunani," na ce.

Na kuwa yi, ina yanke shingen da ya raba gidajenmu. Mutumin nan ya sami karatu, ya sami suna, ya tsufa da huhu mai tsabta. Abu ɗaya tak nake da shi wanda ba shi da shi: ranar da zan mutu, tsofaffin mahaƙa za su sa baƙar riga mai maɓallan tagulla, su kunna fitila da rana tsaka, su raka ni aikina na ƙarshe. Idan talaka ya hana mai arziki abu ɗayan da ya rage masa, rowa ce ko tsare mutunci? Na juya tambayar ta kowace fuska, ba ta ba ni amsa ba. Kullum sai in ce gobe zan shiga in gaya masa.

Ranar Talata da safe, almakashi na hannuna, na ga Irmtraud ta buɗe tagogin ɗakinsa duka biyu duk da sanyin da ake yi. Ta leƙo.

"Ya tafi, Alfons," ta ce. "Ya ce kada in tambaye ka komai."

Mu 'yan ƙungiya muka taru a ɗakin baya na mashayar da muke zama. Bruno Sobotta ya jingine tulun iskar numfashin da yake ja a jikin kujera.

"Lokacin da za su rufe ramin, wa ya shiga talabijin ya tsaya mana?" ya ce.

"Ai kuwa sai da suka rufe," na ce.

Erdal ya juya cokali a shayinsa. "Shugaba, kishi kake yi da gawa?"

"Doka nake tsarewa."

"Dokar da ka rubuta da hannunka a teburin nan? Gyara ta mana. Ko fensirin ya ƙare wurin duba littattafan Farfesa?"

Aka yi dariya, sannan aka zuba min ido. Ba tausayi ne ya juya ni ba. Tunawa na yi cewa Dietmar ya roƙe ni, shi da bai taɓa neman komai a wurina ba tun lissafin aji. Yau ni ne mai bayarwa.

"Ku goge maɓallanku," na ce.

Ranar jana'iza duk wanda ƙafarsa ke ɗaukarsa ya zo. Mutanen jami'a suka ja baya suka ba mu hanya, wasu na ɗaukar hoto. Muka jeru gefe biyu na kabarin, aka sunkuyar da tutar ƙungiya, na yi masa sallamar da muke yi wa wanda zai sauka rami. Na ɗauka zan ji daɗin kyautata.

Sai na dubi sahun. Bruno na riƙe da fitila a hannu ɗaya, tulun iskarsa a ɗayan. Wanda ke kusa da shi jikarsa ce ke tallafe da shi. Mai riƙe da tuta ya haura tamanin, rigarsa ta yi masa yawa. Babu rami kuma a ƙasar nan, ba wani yaro da zai shigo ƙungiya. Wannan shi ne cikakken sahu na ƙarshe, na kuma ba Dietmar shi da bakina. Har a mutuwa ya riga ni samun gurbi.

A bakin ƙofar maƙabarta Erdal ya dafa kafaɗata, yana murza gwiwarsa da ɗaya hannun.

"In kana son rakiya irin wannan, shugaba, ka hanzarta," ya ce. "Gwiwar nan ba ta yi maka alkawarin baɗi ba."

Irmtraud na kiran mutane zuwa shan kofi da kek. Na tsaya ina kallon su Bruno suna gangarawa wurin tsayawar bas a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kowa na dafa katangar maƙabarta.