Rok Ba Roƙo Ba Ne

Ɗan kabu-kabu ya sauke Jatau a bakin gonar Habou, can bayan Onklou, ya juya babur bai ko tsaya an gaisa ba. Jatau ya karkaɗe babbar rigarsa. Tun safe ya baro Parakou a taksin Djougou, an matse shi tsakanin buhun doya da wata mata mai kaji, shi dattijo guda, mai rumfar nama a unguwar Ladjifarani.

Ba yawo ya kawo shi ba. Ladanin masallacin unguwarsu ya rasu, jama'a suka ce Jatau ya gaje shi, don ba mai murya irin tasa. Sai wani ɗan baƙin ciki ya raɗa wa Liman Iliassou cewa Jatau ya yi rok yana saurayi. Liman bai taɓa jin sunan wannan kiɗa na Turawa ba, shi roƙo ya ji. Ya ce maroƙi mai yabon attajirai don a liƙa masa ba zai kira masa salla ba, sai dai a kawo shaida kafin Juma'a.

Shaidar kuwa kaset ne guda ɗaya, yana hannun Habou. 'Ya'yan mahauta huɗu ne suka kafa ƙungiyar kiɗan, suka raɗa mata suna Kayan Ciki. Jita biyu na gwanjo, gangar da Habou ya haɗa da durom ɗin mai da fatar sa, sai Jatau mai ihu. Sau biyu suka yi wasa a bainar jama'a. Na farko wuta ta ɗauke, na biyu iyayensu suka zo da bulala. Masu jitar duk sun riga mu gidan gaskiya.

Tun bai ga Habou ba ya ji wani ƙara daga tsakiyar masara. An rataya lasifika a reshen mangwaro, rediyo da batirin mota na ajiye a gindi.

"Mahauci, ashe kana raye," in ji Habou, yana fitowa da fartanya a kafaɗa.

"Makaɗin banza. Mene ne wannan?"

"Kai ne mana. Ba ka gane muryarka ba?"

"Me muryata ke yi a kan bishiya?"

"Aiki take. Birai sun so su gama da ni. Na sa kare, sun mai da shi aboki. Ran da na kunna Kayan Ciki, ko waiwaye ba su yi ba. Maƙwabta har aronka suke yi. Shanun makiyaya ma sun canza hanya. Ka yi suna, Jatau. Daga nan har Djougou ba birin da bai san ka ba."

Jatau ya haɗiye wannan, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Habou ya yi dariya har da zama a ƙasa, sannan ya ce kaset ba ya zuwa ko'ina. Masara ta fara nuna, yini ɗaya aka yi shiru an gama da shi.

Dole Jatau ya ciro waya ya kira Liman, ya ɗaga ta sama a ƙarƙashin mangwaro. Waƙar da ke ciki ita ce wadda ya fi so, ta ƙudan mayanka. Bai sani ba ƙafarsa ta fara buga ƙasa.

Ya mai da wayar kunne.

"Wa ake yankawa?" in ji Liman.

"Ni ne nake waƙa, Allah gafarta Malam."

"Wa kake yabo a ciki?"

"Ba kowa. Ƙuda nake zagi."

"An taɓa liƙa maka?"

Habou ya leƙo bakin wayar. "Jifa dai, Malam."

Liman ya ce, "Jatau, ka yafe ni, an yi maka ƙazafi. Wannan ba roƙo ba ne, ba mai hankalin da zai ba da ko dala a kansa. Ni a sanina ba kiɗa ba ne ma, balle waƙa, don haka ban ga abin tuba a ciki ba. Ko kai kana ganin kiɗa ne?"

Daidai nan jitar marigayi Bachir ta shigo, gaɓar waƙar da suka yi damina guda suna gyarawa a bayan mayanka, gaɓar da har yau in Jatau ya tuna tsigar jikinsa ke tashi. Ya buɗe baki. Ya tuna Juma'a.

"A'a, Allah gafarta Malam. Hayaniya ce kawai."

"Madalla. Da asubar Juma'a za ka fara. Wannan murya ba za ta bar kowa a kan gado ba."

Jatau ya sa wayar a aljihu. Can gefen gona ya hango wani tsohon biri zaune a kan suri, ya fuskanci lasifika, ko motsi ba ya yi.

"Ga mai kunne guda dai," in ji Jatau a hankali.

"Wannan? Kurma ne," in ji Habou.

Jatau ya karyo masara mafi girma da hannunsa ya kai, ya jefa wa birin.